Shari'ar Gola a Kan Ƙanƙara

Tun da na dawo Kakuri ban huta ba. In na fito daga sujada, matan zumunta su tare ni a bakin coci. In na shiga kasuwa, mai tumatir ya ajiye kwano ya ce, Mama, yaya ƙasar Turawa? Har mai keken da ya ɗauko ni daga Unguwar Mu'azu rannan sai da ya rage gudu don ya ji ko da gaske ne mutane na gudu a kan ƙanƙara da wuƙa a ƙasan takalmi. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, ni kuma in ci tuwona da zafinsa.

Da farko ku sani ba yawon buɗe ido na je ba, shari'a aka kira ni. 'Yata Rifkatu nas ce a Kanada. Ta tafi da ɗanta Ayuba yana ƙarami, bayan rasuwar babansa, kuma shi kaɗai Allah ya ba ta. Yaro ya girma a can, ya shiga wata ƙaramar kwaleji a wani gari mai nisa da uwarsa, ya zama gola a ƙungiyar hokin ƙanƙara ta makarantar. Rifkatu ta ce lallai ya bar wasan, ya dawo jami'ar da ke garinta ya ƙarasa karatu a gabanta. Hujjarta ita ce ƙungiyar ta banza ce, kullum tana can ƙasan teburin gasa, ba wanda ya san da zamanta, yaro yana ɓata ƙuruciyarsa ana ta jifarsa ba riba. Ayuba ya ce ba haka ba ne. Suka yi ta ja har suka daina magana sai ta saƙon waya. Daga ƙarshe shi ya kawo shawara a kira Kaka, tunda na yi shekaru ina koyar da hoki a makarantar 'yan mata, na hura usur har na yi ritaya. In na ce ƙungiyar ba ta da gaba, zai tattara kayansa ya dawo gida. In na ce tana da gaba, uwar za ta ƙyale shi. Su biyun suka yarda, kowa yana ganin ni tasa ce.

Ni kuwa hokin ciyawa na sani, ƙanƙarar da na taɓa gani ba ta wuce ta cikin firji ba. Amma ban ga dalilin da zan ƙi a kira ni alƙali ba. Na ce musu ina tafe.

Jirgin ƙasa na bi zuwa Abuja, daga nan na hau na sama. Kujera matsattsa, abinci a ɗan kwano kamar na majiyyaci, ga wani bawan Allah a gefena da ya mai da kafaɗata filo. Na yi ta ture shi, da na gaji na ƙyale shi, na ce ɗan wata ne. A filin jirgin Turai inda muka canja jirgi, wata yarinya ta turo keken marasa lafiya ta ce an rubuta sunana. Aikin Rifkatu ne. Raina ya ɓaci. Ni da na sha zagaya fili da 'yan mata cikin rana? Na ce mata ƙafata lafiya lau, na saɓi jaka na kama hanya. Na yi tafiya kamar daga Kakuri zuwa Kudenda, ƙofar jirgin ba ta bayyana ba. Can sai ga yarinyar ta wuce ni tana tura wani ƙato da bai kai ni shekaru ba, yana zaune yana cin biskit. Da ta dawo, ni da kaina na ɗaga mata hannu. Ba ta yi mini dariya ba, Allah ya yi mata albarka.

A Kanada kare ne ya fara yi mini maraba. Ina layin masu duba kaya sai ga wani ɗan kare sanye da riga ya zo ya zauna a gaban akwatina ya ƙi tashi. Aka ja ni gefe. Ma'aikacin ya ciro kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, ina ta yi masa bayani da Turancina na aji. Da ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya, ya tambaye ni ko ta lalace ne a hanya. Na ce a'a, yanzu ne ma ta yi daidai. Ya mayar mini da ita da sauri. Kilishin da na yi wa Ayuba tsaraba kuwa, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce to bari in zauna nan in cinye abina, ya ce ba a haka. Ina ji ina gani aka jefa kilishi mai kyau a shara, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Rifkatu ta tarbe ni da wata riga mai kauri kamar katifa. Na ce mata ni da na sha sanyin Jos ba na bukata. Ƙofa ta buɗe, iska ta mare ni, na miƙa hannu na karɓi rigar.

Mutanen can ba su da laifi, sai dai gaisuwarsu ba ta ƙosarwa. Washegari na ga maƙwabcinmu yana kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gidansa, na tsaya na gaishe shi yadda ya kamata. Na tambayi matarsa, na tambayi yara, na tambayi aiki da gajiya. Mutumin ya ajiye shebur, ya tambaye ni ko wani abu ya faru ne. Ba a shiga gidan kowa sai an buga waya, karnuka kuma suna da takalma. Abu ɗaya da ya yi mini kamar gida, kowa yana cire takalmi a bakin ƙofa.

Tun a daren farko Rifkatu ta fara kamfe. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da kare ya tona, tana zuba mini tana lissafa laifin ƙungiyar. Na cinye tuwon tas, sannan na ce mata ba zan yanke komai ba sai na ga yaran suna atisaye, na kuma ga wasansu, kuma ita ce za ta kai ni. Ta sha kunu, ta ce tana da aiki a asibiti. Na ce to a mayar da ni filin jirgi. Ta nemi hutu.

Hanyar garin su Ayuba doguwa ce, ko'ina fari fat, ba mai gasa masara, ba mai tallan gyaɗa, ba wanda ya tsayar da mu ya ce a buɗe but. Shirun ya dame ni har na fara waƙoƙin zumunta, Rifkatu tana tuƙi ba ta amsawa. Muka sauka a wani masauki na bakin hanya inda ɗan kati ne makulli. Da safe na leƙa waje da zane ɗaya in ga ko gari ya waye, ƙofa ta rufe kanta a bayana. Rifkatu tana wanka ba ta ji bugun da nake yi ba. Haka na tsaya a baranda ina gaisa da Turawa masu wucewa kamar da gangan na fito.

Filin wasan kwalejin tsoho ne, rufinsa kamar na masaƙun Kakuri da aka rufe. Ina shiga na hango wani dodo a bakin raga, ya yi ɗamara da katifu a ƙafa da ƙirji, kansa cikin kwando na ƙarfe. Ya cire kwandon, sai ga fuskar marigayi surukina sak. Don kada in yi kuka a gaban mutane na ce, ashe angona ya zama buhun auduga, ni na fasa auren. Ya rungume ni da duk kayan nan, yana cewa Kaka, Kaka, da Hausarsa da ta sha sanyi. Ashe ya koya wa abokansa gaisuwa. Suka jeru a kan ƙanƙara suka rusuna gaba ɗaya suka ce, sannu Kaka. Wani dogo ya rusuna da yawa, ƙafa ta kwashe shi ya zauna daɓas. Rifkatu ta gaisa da ɗanta a taƙaice, ta ce za ta jira a mota.

Da aka fara atisaye na gane na ɗauko wa kaina aiki. Ƙwallon nasu ba ƙwallo ba ce, wata baƙar roba ce shimfiɗaɗɗiya kamar curin daddawa, kuma gudunta ya fi ƙarfin idona. Sai in ji ƙara a nan, kafin in juya tana can. Na ce a raina, Saratu, yau kin ji kunya, an biya miki jirgi ki zo ki yi shari'ar abin da ba kya gani. Daga baya na tuna ko a filinmu ba ƙwallo nake kallo ba in zan zaɓi 'yan wasa. Waɗanda ba ta hannunsu nake kallo. Na daina bin robar, na koma kallon yaran.

A wannan wasan ba a tsayawa don canja ɗan wasa. Ana cikin gudu wasu za su tsallake katanga su fita, wasu su faɗo ciki, kuma ba a daɗewa ake sake canjawa saboda wasan yana cin numfashi. Yaran nan suna canjin kamar hannu ɗaya. Ba wanda ke ƙara ɗan lokaci don a gan shi, ba mai fita yana kumbura fuska. In an ƙwace musu ƙwallo, duka suke juyowa su bi ta, har wanda ya fi su iya ci. Na ga rauninsu kuma, don ba makauniya ba ce ni. Ba su da jiki, kuma in sun isa gaban raga sai su yi ta miƙa wa juna kamar masu jin nauyin surukai. Bayan atisaye na tambayi Ayuba, waɗannan wasanni da ake ta cinye ku, da nawa ake cinye ku? Ya ce yawanci da ɗaya. Teburi ba ya nuna wannan. Na taɓa riƙe 'yan mata irinsu, na san ƙungiyar da ake ci da ɗaya ba matacciya ba ce, abu kaɗan ya rage mata.

A mota Rifkatu ta tambaye ni me na gani. Na ce mata yaran nan ba na rainawa ba ne, amma sai na ga wasan gobe. Ta ɗaure fuska ta ja mota muka koma masauki. Ni ma ban ji daɗi ba. 'Yata ce, ita ta kawo ni, kuma na san in na ba yaron gaskiya za ta koma wancan gida shiru ita kaɗai.

Wasan na washegari a filin wata babbar jami'a aka yi shi, a birni, da rana. Wanda aka cinye ya gama na bana. Fili sabo fil, jama'a cike, kusan duka nasu. Mu magoya bayan baƙi aka cusa mu a wani lungu. Rifkatu ta raka ni har kujera, ta ce za ta sayo shayi, ba ta dawo ba. Kusa da ni wata mata ce ja-jir mai suna Helen, manomiya mai shanu, uwar dogon nan da ya faɗi wajen gaisuwa. Ta zo da ƙararrawar saniya. Ta ba ni soyayyen dankali da aka zuba wa cuku da romo, na ciro yajina na barbaɗa, ta ɗanɗana ta yi ta tari tana cewa in ƙara mata. Ta ce mini ita dai fatanta kada a yi musu cin wulaƙanci, don a bara waɗannan mutanen sun yi musu kaca-kaca.

Kashi uku ake raba wasan. A na farko aka yi ta ruwan ƙwallo a kan jikana. Yana tarewa da hannu, da ƙafa, da ƙirji, wata ma ta dake shi a kwandon kai har na ji ƙarar a haƙorina. Aka ci shi ɗaya. Abin da na gani bayan haka ya kwantar mini da hankali. Abokansa suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ɗan buga masa sanda a katifar ƙafa, ba mai ɗaga hannu sama, ba mai harara. Masu gidan kuwa ƙatti ne, sun iya, ba zan rage musu ba. Amma na lura manyansu ba sa son fita. Kowa yana so a kira sunansa a lasifika, sai ya ƙara zagaye ɗaya kafin ya ba na benci wuri. Da aka tafi hutu, wata mota ta shigo tana goge ƙanƙarar, na ce wa Helen ta adana ƙarfin hannunta na kaɗa ƙararrawa, a kashi na uku ƙattin nan za su fara jan ƙafa. Ta dube ni kamar mai tausayin tsohuwa, ta ƙara mini dankali.

A kashi na biyu kowa ya ci ɗaya. Aka shiga na uku suna da biyu muna da ɗaya, kuma abin da na faɗa ya fara fitowa. Ƙattin suna komawa benci suna dafa gwiwa, namu suna shawagi kamar yanzu aka fara. Sai dai wannan jin nauyi nasu a gaban raga ya kusa kashe ni. Na yi ta ihu da Hausa a buga, a buga. Ban san lokacin da Rifkatu ta zo ta zauna a gefena ba, ba shayi a hannunta.

Lokaci ya kusa ƙarewa sai na ga kocin su Ayuba ya ɗaga hannu, Ayuba ya bar raga ya sheƙo da gudu zuwa benci. Raga ta zauna wayam, ba kowa. Jinina ya hau. Yaron da ya tare musu duniya tun ɗazu, shi za a cire a gaban jama'a? Na miƙe, na gyara ɗaurin zane a kan wandon sanyi, na fara sauka matakala ina faɗa wa kocin abin da na ga dama. Sai na ji an riƙo rigata ta baya.

"Mama, zauna, ba korarsa aka yi ba. Dabara ce. An cire gola don a ƙara mutum ɗaya a gaba. Sun yi haka a wasansu na watan jiya, saura kaɗan ta yi musu."

Na juya na dube ta. Matar da ta ce ba wanda ya san da zaman ƙungiyar. Idonta yana kan fili, tana kiran sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya, tana gaya wa wannan ya miƙa wa wancan. Sai ƙararrawar Helen ta kusa fasa mini kunne. Dogon ɗanta ya daina jin nauyin kowa, ya maka robar cikin raga. Biyu da biyu.

Aka ƙara lokaci, duk wanda ya fara ci ya gama. Ayuba ya koma ragarsa. Wani ƙato ya kuɓuce shi kaɗai ya nufo shi, filin duka ya miƙe. Jikana bai motsa ba sai da mutumin ya buga, sannan ya baje ƙafa, robar ta daki katifa ta koma. Namu sabbi suka faɗo daga benci suka kwashe ta, ƙattin suna baya suna haki. Wannan karon na ga ƙwallon da idona tana shiga. Na rangaɗa guɗa irin ta bikin ƙauyenmu, Turawan da ke gabanmu suka dafe kai. Yaran ba su bi wanda ya ci ba, duka suka ruga suka danne gola. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da na ajiye usur, kuma ba zan ɓoye ba, har da daɗin cewa idona bai mutu ba. Helen ta ɗaga ni sama kamar ɗan maraƙi.

Yaran suka shiga motarsu ta makaranta, mu muka shiga tamu. Rifkatu ta kunna mota don ta yi ɗumi, amma ba ta ja ba. Na ce mata, ashe kina kallo. Ta ce ba wasan da ya wuce ta. A waya take kallo a ɗakin hutun asibiti, ta kashe murya, in ƙwallo ta nufo shi ta kifa wayar. Ta ce ta daɗe da sanin yaran sun iya.

"Mama, tsoro nake ji. Ina ganin waɗanda ake kawo mana asibiti. Shi kaɗai gare ni. In ya dawo gida aƙalla zan ji motsinsa."

Na ce, "Na sani. Ranar da na raka ki Abuja kina riƙe da hannunsa, da na dawo Kakuri ban iya cin abinci ba. Kowa ya ce in hana ki, mace ba miji, ƙasar da ba ki san kowa ba. Ni ma motsinki nake so in ji a gidan. Amma na ga kin iya, shi ya sa na yi shiru na ɗaga miki hannu."

Ta kifa kai a kan sitiyari ta yi kukanta, na bar ta. Da ta ɗago ta share fuska da bakin ɗankwalina, ta ɗauki waya ta kira shi. Ana jiyo ihun yaran da waƙarsu daga motarsu. Ya ɗauka yana haki, ya ce, Mama, me Kaka ta yanke?

"Kakarka ba ta yanke komai ba, ni ce nake magana," in ji Rifkatu. "Ka zauna ka tsare ragarka. Wasa na gaba ka nema mini kujera a bayanka, inda zan gan ka da kyau."